Ina Kuke Alwala?

Laminu, ɗan ƙanena marigayi, shi ya ja ni ga wannan rubutu. A damanar bara ya zo ya durƙusa gabana ya ce yana son ya sayar da garkar ubansa, wato lambun da ke bakin tabki, ya kwashi matarsa da yaransa su koma Agadas, ya buɗe wurin renon itatuwa kamar yadda na yi a da. Na tambaye shi abin da ya sani game da sana'ar.

Ya ce, "Haba Baba, ai ba wani abu ba ne. Ƙasa a leda, ƙwallo a ƙasa, ruwa a kai. Sauran na Allah ne."

Haka abokansa na fada, majalisar samari ta shan shayi, ma suke gani. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne, wannan garka ita kaɗai ta rage wa gidanmu a duk Madarumfa. A da biyu ne. Ɗayar tawa ce, kuma ni na sayar da ita da hannuna.

Cika leda shi ne aikin farko da ubana ya koya mini, ko da yake a lokacin babu leda, gwangwanin tumatir muke tsinta mu huda gindinsa da ƙusa. Ana haɗa rairayi da baƙar ƙasar bakin tabki da taki, a tankaɗe da rariya. Takin sai wanda ya shekara ya huce. In ka sa sabo, zafinsa zai ƙone tsiron tun bai ga rana ba. Tsohon yakan damƙi haɗin a hannu ya matse. In ya buɗe hannu ƙasar ta tsaya dunƙule, ya taɓa ta da yatsa ta watse, to ta yi. In ta ƙi watsewa, sai in sake tun daga farko. Bayan haka akwai ɗaga leda. Icce ɗan reno ba ya son zaman gidan haya, kullum saiwarsa tana neman ta huda leda ta shige ƙasa. In ka manta da shi ya kama, ranar da za ka ɗauke shi ka kashe shi. Dole lokaci-lokaci ka bi layi kana ɗagawa, kana datse abin da ya leƙo, bayanka yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Auren icce, wanda ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke ce wa girefi, wajen Baba Nomau na koya, wani tsohon ma'aikacin gandun daji. Ka yanko reshe daga icce mai kyawun ƴaƴa, ka feƙe shi, ka tsaga kan ɗan iccen da ka rena, ka haɗa fata da fata, ka ɗaure da tsiri na leda. A baki ba wuya. Baba Nomau ya sa na yi rani guda ina feƙe rassan kalgo kafin ya yarda wuƙata ta taɓa mangwaro. Yakan ce hannuna na kamun tarwaɗa ne, ba na aure ba.

Wanda ya ɗauke ni daga wannan zaman lafiya shi ne Mamman, taubashina, ɗan gwaggona da ta yi aure a Tibiri. Ga shi ɗan gwaggo, ga shi Bagobiri abokin wasanmu, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ya riga ni zuwa Agadas. Wata sallah ya dawo da rediyo a kafaɗa da rawani har hanci, ya same ni ina ban ruwa.

Ya ce, "Bawana, kana nan kana sayar da inuwa ga mutanen da inuwa ta yi wa yawa? Zo in kai ka inda mutum zai ba ka akuya don ya samu wurin ɓoye kansa."

Na sayar da garkata na bi shi. Uwata ba ta hana ni ba, ta dai tambaye ni ko a can ma akwai mai sayar da garka in na tashi dawowa. Na yi dariya. Da na sani ban yi ba.

Kaya na farko a saman kamyon gero, babbar motar kaya, na ɗora su, cikin kwalaye, na rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Kafin mu wuce Tanut buhunan sun bushe ƙaƙas, rabin mangwaron ya dahu. Sauran rabin kuma wani bunsuru da aka ɗaure kusa da ni ya yi kalaci da su ina gyangyaɗi. Abin da na sauka da shi bai cika buruweti, wato baro, ɗaya ba. Amma kafin la'asar ya ƙare, har ana yi mini faɗa don ban kawo da yawa ba.

Garin a lokacin cika yake yi kamar kasuwa da hantsi. Yau ka wuce fili babu komai sai duwatsu, wata mai zuwa ka tarar an ja katanga, an kafa ƙofar ƙarfe, yaro yana leƙe. Direbobi, ma'aikatan gwamnati, masu neman zinariya, makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, da namu na kudu da suka zo cin rani ranin ya ƙi ƙarewa. Duk wanda ya ja katanga, abu na biyu da yake so shi ne icce a ƙofar gida. Ni da Mamman muka kama wani lungu kusa da tasha, muka kafa rumfar tabarmi, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Awakin Agadas sun ci kwali sun ci leda, kai ka san abin da za su yi in sun ga ɗanyen ganye. Raƙumi kuwa ba ruwansa da shinge, ta sama yake miƙo gaisuwa.

A ƙarƙashin rumfar nan muka fara gardamar da har yau ba mu gama ba. Mamman ya ce babu gari kamar wannan. Babu sauro, babu zazzaɓin kaka, ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. Ba a tambayar ɗan wane ne kai, sai dai me ka iya. Aiki bai jiran hadari, kowace safiya akwai abin yi. Ga cuku, ga dabino, ga lemun da ake saukowa da shi daga duwatsu.

Ni kuma in ce, garin da ake sayen ruwa kamar mai, wane gari ne? Gero sai an hawo da shi daga wajenmu, ya zo yana taƙama. Ɗanyen kifi sai a mafarki. Da bazara ka taɓa ƙofar gidanka ta ƙone ka kamar ka ci mata bashi. Kuma duk ɗan Madarumfa da Gabi da Ɗan Isa da ya nufi arewa, gidanka ne masaukinsa. Ya ce kwana biyu zai yi, ka yi azumi da shi.

Mamman ya ce, "To me ya hana ka komawa, ɗan tabki?"

In ce, "Wa zan bar wa kai? In na tafi wa zai nuna maka gabas?"

Matata Rabi, da na ɗauko ta daga baya, ba ta bin kowa a cikinmu. Ta ce garin ya raba ta da turmi da guga, don haka ba za ta zage shi ba. Amma ranar da ta haihu ta duba ɗaki babu fuska ɗaya da ta san ta tun tana yarinya, don haka ba za ta yabe shi ba.

Ciniki mafi sauƙi shi ne sayar wa ɗan kudu mangwaro. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ɗaga ledar ka ce, "Ka tuna na bakin tabki?" Sai ka ga idonsa ya tafi gida. Na yi wannan da yawa, Allah Ya yafe mini. In mai saye ya tambayi yadda zai shayar, amsata ɗaya ce, wadda na gada: safe da yamma, a cika masa gindi. A garinmu haka ake yi, don a garka in ka haƙa gaba biyu ka ga fuskarka a ruwa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko wannan karatun yana aiki a garin da ruwa ke zuwa ta tiyo daga nesa ba.

Wata safiya wata tsohuwa Ba'abziniya, Inna Fatimata, ta zo tana son bedi ƙwaya ɗaya, iccen da wasu ke kira dogon yaro. Ta tsallake manya masu sheƙi ta ɗauki wani ƙanƙane da ya sha rana a bakin layi. Na miƙa mata mangwaro mai aure na fara waƙata.

Ta dube ni ta ce, "Wa zai shayar da shi? Kai?"

Ta sa na bi ta gida da diga. Na nufi tsakar gida inda ido zai gani, ta ce a'a. Ta kai ni wani lungu kusa da ƙofa, inda aka ajiye faffaɗan dutse da buta. Nan mutanen gidan suke alwala. Ta sa na haƙa rami har ƙugu, ina haƙa ina gunaguni. Sannan ta kawo wani tsohon tulu mai tsaga a gindi, muka binne shi har wuya a gefen iccen, ta rufe bakinsa da dutse. Ta gyara ƙasa ta yadda ruwan alwala zai gangaro cikin tulun. Na ce mata ko kaza wannan ruwa ba zai isa ba. Ta ce kaza ba ta da saiwa. Da na koma rumfa na ba Mamman labari, muka yi dariya har shayi ya ƙone.

Sai shekarar da pampo ya ƙafe. Ba fari aka yi na a zo a gani ba, garin ne ya fi ƙarfin tiyonsa. Unguwanni sun ƙaru, bakuna sun ƙaru, ruwa bai ƙaru ba. Da bazara ta kama, ka murɗa pampo sai ya yi maka tsaki. Mata suka jera bido-bido, wato jarkoki, kamar masu jiran rabon gado, ƴan ga-ruwa suka zama manyan mutane, sai ka gaishe su da hannu biyu. A rumfarmu mun zubar da layi-layi na leda, muka tsira da abin da bai taka kara ya karya ba.

Alhaji Idi, wani direban kamyo mutumin Gabi, shi ne babban mai sayen kayana. Ya jera mangwaro a gidansa daga ƙofa har kicin, yana cewa in ya tsufa a nan zai shimfiɗa buzu. Ya yi ta saya musu ruwa har ranar da uwargidansa ta tsaya gaban tono, duron ajiye ruwa, ta ce, "Alhaji, ko su ko mu." Bayan ɗan lokaci ya aiko a kira ni in cire su. Na zo da diga da gatari, ashe ba na bukatarsu. Icce ya fi ni tsawo, na kama shi da hannu ɗaya na ja, ya taso kamar an ɗaga tabarma. Saiwar duk a kwance take a sama, ba ta nutse ko kamu ɗaya ba. Me zai sa ta nutse? Tun tana ƙarama ake kawo mata ruwa har baki safe da yamma. Ranar da aka daina, ba ta san hanyar ƙasa ba.

Alhaji Idi ya daɗe yana kallon saiwar. Ya ce, "Kai ka ce safe da yamma."

Na ce, "Ni na ce, Alhaji."

Ya taya ni loda busassun a buruweti ya ce, "Kai wa Rabi ta yi tuwo. Ko ba komai sun yi amfani sau ɗaya." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar komawa na fara lura da waɗanda suka rayu. Ga ɗaya a ƙofar wani ƙaramin masallaci. Ga ɗaya inda mai shayi ke ɗauraye kofuna. Na karkata na bi ta gidan Inna Fatimata. Bedinta ya leƙo ta saman katanga, kore shar, ita kuma tana zaune a ƴar inuwarsa tana saƙar tabarma. Na gaishe ta na tambayi icce. Ta ce lafiyarsa lau, bai taɓa fashin salla ba.

Daga wannan shekara sana'ata ta sake. Na rage mangwaro sai ga mai rijiya. Na koma bedi da aduwa da magarya da kandili da zogale. Kafin in sayar da ɗan icce sai na horar da shi da ƙishirwa, in janye shi daga rumfa kaɗan-kaɗan har ya saba da rana. Rami mai zurfi, ruwa can ƙasa, ba kullum ba. Na bi mata ina sayen fasassun tuluna har suka ɗauka wani magani nake haɗawa. Kuma duk wanda ya zo sayen icce, kafin mu yi maganar iri ko kuɗi, tambayata ɗaya ce: "Ina kuke alwala?"

Tambayar ta jawo mini magana. Wani ma'aikaci mai tabarau ya ce, "Malam, icce na zo saye, ina ruwanka da sallata?" Wani kuma ɗan wajen garin Sarkin Yamma, wanda gidansu ke kan addinin gargajiya, ya yi murmushi ya ce shi ba ya yi. Na ce, to ina kake wanke hannu in ka ci tuwo? Ya ce wannan kam ba ya fashi. Muka dasa masa magarya a nan, ta yi kyau har ta fi ta liman.

Na dawo gida da gwiwa ta fara ba ni shawara. Uwata ta rasu, tambayarta kuwa tana nan da rai: babu mai sayar da garka. Tawa wani ya cika ta da albasa, kullum in na wuce ina yi masa barka da aiki. Ƙanena ya ba ni kusurwa a tasa. A nan na aurar da magaryar gida da irin nan mai manyan ƴaƴa kamar ƙwan zabo, suka girma suka zama iyaye, wato itatuwan da ake yankar reshen aure daga jikinsu. Ita ce garkar da Laminu yake son sayarwa.

Ana cikin haka Mamman ya sauko daga Agadas don wani suna. Laminu ya ga dama ta samu. Ya shimfiɗa mana tabarma a garkar, ya dafa shayi, ya ce, "Baba Mamman, kai ka san garin. Faɗa wa Baba gaskiya."

Mamman ya gyara rawani ya fara. Gudoro, wato kwalta, ya kai unguwannin da a da sai jaki. Kuran, wutar lantarki, har bayan gari. Gidajen sama suna tashi, kowanne yana son layin itatuwa. Ya ce yaro mai hannu ba zai kwana da yunwa ba.

Na ce, "Faɗa masa kuɗin hayar ɗaki. Faɗa masa yadda pampo ke tsaki."

"Yana tsaki, amma ba ya cizo kamar sauronku. Dube ka, duk sun tsotse ka, saura hula."

"Kai kuma rana ta banɗare ka kamar kilishi. Tsagar fuskarka ma ta shige ciki."

Laminu yana ta dariya yana zuba shayi, yana ganin an kusa yanke hukunci a gefensa. Sai na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba. Na ce gaskiya garin ya yi mini rana. A can na aurar da ƴaƴana, a can aka fara kira na da sunan sana'ata ba da sunan ubana ba, kuma har yau in iska ta kaɗa da asuba ina jin marmarin wannan sanyi mai tsabta. Na ce ban hana shi tafiya ba.

Mamman ya ajiye kofi. Ya ce, "Tunda bawana ya yi gaskiya yau, bari ni ma in yi, kada ya fi ni. Yaro, kana tsammani suna ne ya kawo ni? Jaririn ma ban ga fuskarsa ba." Ya jawo wani jiƙaƙƙen buhu daga bayansa, ya nuna iyayen magaryar da haɓa. "Rassan waɗancan na zo roƙo. A can kowa ita yake nema, tana jure ƙishi, yara suna son ta. Na gwada tsayar da uwa a rumfata, filin haya ne, mai shi ya tashe ni ya gina kanti. Na koma wani, aka sake tashi na. Gari mai girma ba ya barin icce ya tsufa a filin talaka. In ka sayar da nan, ka je can da me? Da leda?"

Laminu ya ce, "To ku biyun wa ya ci gardamar?"

Muka ce masa tare ba a gama ba.

Bayan girbi ya tafi shi kaɗai, ya zauna a rumfar Mamman yana cika leda. Matarsa da yara suna nan, garka tana hannuna. Bai ce ya fasa sayarwa ba, ya dai ce a dakata. Mai albasa kuwa ya riga ya fara yi mini gaisuwa mai tsawo, yana leƙen shinge.

Da bazarar nan tarho ya yi ƙara ina cikin ɗaure wani aure. Laminu ne. Ya ce wani mai sabon gidan sama ya zo yana son itatuwa.

Na ce, "Ka yi masa tambayar?"

"Na yi, Baba. Ya ce a ɗaki suke yi, ruwan ya bi tiyo ya faɗa rami."

Ban taɓa dasa icce a irin wannan gida ba. Na ce, "To sai ka yi yaya?"

"Na zagaya bayan gidan. Kowace taga akwai kilima, na'urar sanyin nan, kowace tana ɗigar da ruwa a ƙasa a banza. Na binne bido mai huda a ƙarƙashin kowace, na haƙa rami har ƙugu. Baba Mamman ya yi mini dariya har shayi ya ƙone."

Na ce, "Bar shi, haka muka yi wa mai tulu."

Ya ce, "Baba, maƙwabtan mutumin sun gani, su ma suna so. A yanko mini rassan magarya, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu a ba motar safe. Kuma mai albasar nan ya kira ni."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya gyara shingensa, awakinsa suna shigar mana garka."

Na kashe tarho, na wasa wuƙa, na nufi iyayen.